Gadon da Aka Yi Shakkar Bayarwa: Masu Ƙanjamau a Sashen Kulawa ta Musamman na Babban Asibitin San Faransisko, 1981 zuwa 2004

Babban Asibitin San Faransisko, da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, asibitin gwamnatin birni ne, wato nan ake kai wanda ba shi da inshorar lafiya, da wanda ba shi da wurin kwana, da wanda aka tsinta ya yanke jiki ya faɗi a titi. Likitocinsa malamai ne a Jami'ar Kalifoniya reshen San Faransisko, saboda haka rubuta abin da ya sami marasa lafiyarsu ya zame musu jiki. Tun daga 1981 har zuwa 2004 suka riƙa lissafa masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman, wanda jama'a ke kira ɗakin gobe-da-nisa, suna rubuta yawan waɗanda suka shiga, da abin da ya kawo su, da yawan waɗanda aka sallama da ransu. Abin da ya sa wannan lissafi ya cancanci a zauna a duba shi da kyau shi ne alƙaluman ba su tafi a miƙe ba. Sun hau, sun sauka, sun sake hawa, kuma a kowane zango likitoci na yanke shawarar wanda za a ba gado ne bisa abin da suka gani a zangon da ya gabata, alhali ciwon da maganinsa da masu fama da shi duk sun riga sun sauya.

A ranar 5 ga Yuni 1981 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton wasu samari biyar a Los Anjeles, dukkansu maza masu neman jinsinsu, waɗanda suka kamu da wani ciwon huhu da ba a saba gani ba sai a jikin wanda garkuwarsa ta rushe, irin mai shan maganin ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda. Ciwon shi ne wanda likitoci ke kira PCP, kuma ƙwayar da ke kawo shi, wadda sai a 1988 aka tabbatar cewa dangin fumfuna ce, ba ta iya yi wa mai cikakkiyar garkuwa komai. Kafin shekarar ta ƙare irin waɗannan marasa lafiya sun fara isa asibitin San Faransisko.

Ciwon ba ya kayar da mutum dare ɗaya kamar sauran nimoniya. Mutum kan yi mako biyu ko uku yana busasshen tari marar majina, da zazzaɓi, yana ramewa, har ya lura cewa benen da ya saba hawa da gudu yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Idan likita ya ɗora abin sauraren ƙirji, sau da yawa ba ya jin komai, amma da zarar an sa mutumin ya ɗan taka a barandar asibiti sai iskar oksijin da ke jininsa ta faɗi ƙasa warwas. Dalili kuwa shi ne ƙananan jakunkunan iska na huhu sun cika da wani abu mai kama da kumfa, iska tana shiga amma ba ta samun hanyar ratsawa cikin jini. Idan abin ya kai matuƙa, marar lafiya yana numfashi sau arba'in a minti guda, ba ya iya haɗa kalma uku ba tare da ya tsaya ba, to a nan ne ake sa masa maganin barci, a zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro, a jona shi da na'urar da za ta yi numfashin a madadinsa. Wannan mataki ne ba a iya ɗauka sai a sashen kulawa ta musamman, kuma a kansa dukkan muhawarar da ta biyo baya ta tsaya.

Sakamakon shekarun farko ya yi muni ƙwarai. Rahoton da Robert Wachter da John Luce da abokan aikinsu suka wallafa a 1986 ya duba marasa lafiya 82 masu ƙanjamau da aka kwantar a sashen daga 1981 zuwa 1985, ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 sun rasu ba su fita daga asibitin ba. Waɗanda PCP ya kai su ga na'urar numfashi kuwa, kashi 87 cikin 100 ne suka rasu. A lokacin babu maganin cutar kanta ko ɗaya, domin AZT, maganinta na farko, bai sami izini ba sai a 1987, kuma ko gwajin jinin da ke nuna mutum na ɗauke da ita sai a 1985 ya fito. Magungunan ciwon huhun guda biyu ne kacal. Na farko kotirimoksazol, wanda aka fi sani da Septrin, yana yawan fesa wa masu ƙanjamau ƙuraje da zazzaɓi har a tilasta dakatar da shi, na biyu kuma fentamidin, wanda ke taɓa ƙoda yana kuma rikita sukarin jini.

Wannan rahoto ya gano wani abu da ya fi adadin mamatan ɗaukar hankali. Yawan masu ƙanjamau da ake kwantarwa a asibitin yana ta ƙaruwa shekara bayan shekara, amma yawan waɗanda ake shigarwa sashen kulawa ta musamman ya kai ƙololuwa a 1984 sannan ya fara raguwa. Ciwon bai yi sauƙi ba, mutane ne suka ɗebe tsammani. Wani ɓangare na wannan ja da baya daga marasa lafiyar ya fito, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Da yawansu sun yi jinyar abokansu, sun ga yadda mutum ke ƙare kwanakinsa da bututu a baki, ba ya iya magana, ba ya iya sallama da kowa, sai suka ce su dai a bar su su cika a gadonsu. Asibitin ma ya tanadar musu inda za su yi hakan da mutunci, domin a watan Yuli 1983 ya buɗe ɗaki mai lamba 5B, ɗakin kwanciya na farko a Amurka da aka keɓe wa masu ƙanjamau, wanda ma'aikatan jinyarsa da kansu suka nemi a kai su can a lokacin da wasu ke ƙin ko shiga ɗakin irin waɗannan marasa lafiya da farantin abinci. Babu wanda zai zargi mutumin da ya san abin da ke gabansa ya zaɓi hakan.

Ɗaya ɓangaren kuwa daga likitoci ya fito, kuma shi ne ya fi buƙatar bincike. A 1989 Wachter da abokansa suka duba takardun marasa lafiya a asibitocin koyarwa uku na birnin, suka kwatanta cututtuka huɗu da a wancan lokaci tsawon ran masu su bai bambanta sosai ba, suna neman sanin wa aka fi rubuta wa umarnin cewa idan zuciyarsa ta tsaya kada a yi yunƙurin farfaɗo da shi. Masu ƙanjamau kashi 52 cikin 100 aka rubuta wa, masu dajin huhu kashi 47, masu ciwon hantar da ya ci ƙarfinta kashi 16, masu raunin zuciya mai tsanani kuwa kashi 5 kacal. Mutum biyu da kwanakin da ake hasashen sun rage musu kusan ɗaya ne, amma sunan ciwon da ke rubuce a saman takarda shi ke raba wanda za a yi wa ƙoƙari da wanda za a sallama wa ajali.

A ganina nan ne zuciyar lamarin take. Adadin nan na kashi 87 gaskiya ne, babu wanda ya ƙirƙire shi. Matsalar ita ce adadi irin wannan yana iya tabbatar da kansa da kansa, domin likitan da ya sakankance cewa marar lafiya ba zai tashi ba yakan jinkirta kai shi sashen har sai jiki ya gama lalacewa, ko ya kai shi amma ya janye hannu da wuri, mutuwar da ta biyo baya kuma sai ta shiga cikin lissafi ta ƙara wa likita na gaba yaƙinin cewa wahalar banza ce. Da an mayar da wannan adadi doka, an rufe ƙofar sashen ga duk mai ƙanjamau kamar yadda wasu suka so a yi a wancan zamani, da babu ta yadda za a gane cewa abubuwa sun sauya, tunda babu wanda za a gwada a kansa.

Asibitin bai rufe ƙofar ba, kuma daga 1986 zuwa 1988 kusan kashi 40 cikin 100 na masu PCP da aka ɗora a na'urar numfashi suka fita da ransu, wato kusan ninki uku na zangon farko. Dalilan suna da dama. Mutane sun fara gane alamomin suna zuwa da wuri, likitoci sun ƙware wajen gano ciwon, kuma babu shakka tace marasa lafiyar da aka riƙa yi ya taimaka wa adadin, tunda waɗanda jikinsu ya fi lalacewa ba sa shiga. Amma babban abin da ya shigo shi ne magungunan sitiroyid, wanda a farko ya yi kama da ganganci, domin magani ne mai danne garkuwar jiki za a ba mutumin da garkuwarsa ta riga ta karye. Abin da aka lura da shi shi ne masu PCP sukan ƙara rikicewa a kwana na uku zuwa na biyar bayan an fara musu magani, saboda ƙwayoyin cutar da ke mutuwa suna tayar da kumburi mai tsanani a huhu, kuma wannan kumburin ne ke kai mutum ga na'ura. Sitiroyid yana kwantar da shi. A 1990, bayan gwaje-gwaje sun tabbatar da amfaninsa, wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ba da shawarar a haɗa shi da maganin ciwon cikin sa'o'i 72 na farko ga duk wanda oksijin na jininsa ya yi ƙasa da ma'aunin 70, kuma har yau a kan wannan ƙa'ida ake, tsawon kwana 21.

Sai kuma adadin ya faɗi. Daga 1989 zuwa 1991 kashi 24 cikin 100 ne kawai suka tsira, a daidai lokacin da ilimin ciwon ya ƙaru kuma magunguna suka yawaita. Wanda ya kalli adadin shi kaɗai zai ce kulawar ce ta lalace, alhali akasin haka ne ya faru. Tun daga 1989 aka fara ba duk wanda ƙwayoyin CD4 na jininsa suka yi ƙasa da 200 maganin kariya daga PCP, a mutum mai lafiya kuwa waɗannan ƙwayoyin garkuwa sukan kai 500 zuwa 1,500. Sitiroyid kuma ya hana mutane da yawa kaiwa ga na'ura. Saboda haka waɗanda suka rage suna isa sashen su ne waɗanda kariya ta kasa tsarewa, sitiroyid ya kasa riƙewa, suka daɗe da cutar har CD4 ɗinsu ya kusa ƙarewa. Nasarar da aka samu a ɗakunan kwanciya ita ce ta bayyana a sashen kulawa ta musamman da kamannin koma-baya.

Abu biyu aka gano sun fi nuna wanda ba zai tashi ba a wannan zango: ƙarancin CD4, da fashewar huhu a kan na'ura. PCP yakan bar wasu ramuka masu siririn bango a cikin huhu, har huhun ya zama kamar tsohon zane da ya sha wanki, wanda da an ɗan ja shi sai ya yage. Na'urar numfashi kuwa tura iska take yi da ƙarfi. Idan ɗaya daga cikin ramukan ya fashe, iska na zubewa tsakanin huhu da haƙarƙari, huhun ya lotse, ƙararrawar na'ura ta ɗauka, oksijin ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, dole a huda gefen ƙirji a sa wani bututun da zai fitar da iskar zuwa cikin kwalbar ruwa. Ma'aikaciyar jinya takan tsaya tana kallon kwalbar, domin muddin ruwan na ɓuɓɓuga da kowane numfashi, yagewar ba ta rufe ba, kuma a wancan lokaci kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗanda hakan ta same su suka rayu. Masu binciken sun kuma yi lissafin kuɗi, suka sami cewa kowace shekarar rayuwa da aka ceto ta ci kimanin dala 300,000 a zangon farko, ƙasa da dala 100,000 a na biyu, sannan sama da dala 200,000 a na uku, wanda ya nuna cewa ko hujjar tsada da ake kafawa ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Daga 1992 zuwa 1995, idan aka haɗa dukkan masu cutar da suka shiga sashen ko da mene ne ya kawo su, kashi 63 cikin 100 aka sallama. Sai dai sallamar ba ta da nisa, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa shekara guda. An ceto su daga ciwon huhu, cutar da ta buɗe masa ƙofa kuma tana nan.

A 1996 aka fara haɗa magunguna uku a lokaci guda, waɗanda ke danne ƙwayar cutar har ta daina bayyana a gwajin jini, garkuwar jiki ta sami damar farfaɗowa. Wannan ne ya sauya ma'anar fita daga sashen, domin wanda aka cire daga na'ura yanzu yana iya sa ran shekaru masu yawa. Alison Morris da Laurence Huang da abokan aikinsu sun duba kwantarwa 354 daga 1996 zuwa 1999, suka sami kashi 71 cikin 100 sun fita da rai, PCP kuma ya ragu zuwa kusan kashi 11 na masu shiga. Daga 2000 zuwa 2004 adadin ya tsaya a kashi 69, amma a cikin zangon ya tashi daga kashi 58 a shekarar farko zuwa kashi 75 a ta ƙarshe. Abin da ke kawo mutane ma ya sauya. Gazawar numfashi tana nan a sahun gaba, wajen kashi 40 cikin 100, sai dai yanzu nimoniyar da kowa ke yi ce, da ciwon huhun masu shan taba, ga kuma gubar ƙwayoyin cuta a jini, da ciwon hanta, da zubar jini a ciki, da ciwon zuciya, da shan ƙwaya fiye da kima. Mai cutar ya fara zuwa sashen da irin lalurar da ke kawo maƙwabcinsa.

Zai yi sauƙi a jingina dukkan wannan ci gaba ga sababbin magungunan, amma takardun asibitin ba su goyi bayan haka kai tsaye ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda aka kwantar daga 1996 zuwa 1999 ke shan su, a zango na gaba kuma kusan ɗaya cikin uku, kuma binciken 2000 zuwa 2004 bai sami cewa shan maganin kafin shiga sashen shi kaɗai yana raba mai rayuwa da mai mutuwa ba. Abubuwan da suka raba su ne tsananin ciwon da ya kawo mutum a ranar, da ko ya buƙaci na'urar numfashi, da yawan sinadarin albumin a jininsa, wanda ke nuna yadda doguwar jinya da rashin cin abinci suka ci jiki. Waɗannan kuwa su ne ma'aunan da ake duba kowane marar lafiya da su. Wani bincike daga Landan da aka wallafa a 2006 ya ƙara haske, inda mutuwar masu PCP mai tsanani ta ragu daga kashi 71 kafin tsakiyar 1996 zuwa kashi 34 bayanta, ba tare da ko ɗayansu yana kan sababbin magungunan ba lokacin da aka kwantar da shi. Abin da ya sauya a can shi ne yadda ake sarrafa na'urar kanta. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa rage yawan iskar da na'ura ke turawa zuwa mililita 6 ga kowane kilo na nauyin jiki, maimakon 12 da aka saba, ya rage mutuwa daga kusan kashi 40 zuwa kashi 31 a tsakanin masu mummunan ciwon huhu kowane iri. Huhun da PCP ya rarake shi ya fi kowanne buƙatar wannan sassauci.

Magungunan ƙanjamau sun zo da nasu wahalhalun a cikin sashen. Kusan dukkansu ƙwayoyi ne na haɗiya, wanda ke kan na'ura kuwa ba ya haɗiya, sai an daka su an narka an ɗura ta siririn bututun da ke bi ta hanci zuwa ciki, ga shi hanjin mai tsananin jinya ba ya tsotsar magani yadda ya kamata. Ritonabir yana hana hanta narkar da wasu magungunan barci irin su midazolam, sai marar lafiya ya kwana biyu bai farka ba bayan an daina ba shi. Tsofaffin magunguna irin su sitabudin sukan tara tsami a jini har su kashe. Haɗin da aka fi sha yau a Najeriya da ƙasashe da yawa, na tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, shi ma yana da abin lura: tenofobir na buƙatar gyara idan ƙoda ta taɓu, abincin ruwa da ake ɗurawa ta bututu yana iya kama dolutegrabir saboda sinadaran kalsiyam da ƙarfe da ke cikinsa, kuma wanda ke shan rifamfisin na tarin fuka sai an ninka masa dolutegrabir zuwa sau biyu a rana. Dakatar da maganin gaba ɗaya ma ba mafita ba ce, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda hantarsa kan tashi da ƙarfi idan aka yanke masa shi. Ƙa'idar da aka zauna a kai ita ce wanda ya zo yana sha a ci gaba da ba shi, sai idan maganin ne ya kawo shi.

Wanda ya zo bai taɓa sha ba kuwa, lokacin fara masa ya danganta da ciwon da ya kwantar da shi, domin garkuwar da ta farfaɗo da sauri takan afka wa ƙwayoyin cutar da ta tarar a jiki da kumburin da zai iya fin ciwon farko haɗari. Gwajin da aka wallafa a 2009, wanda yawancin mutanen cikinsa PCP ke damunsu, ya nuna cewa farawa cikin mako biyu ya rage mutuwa ko taɓarɓarewar cuta daga kashi 24 zuwa kashi 14. Ga mai sanƙarau na kiriftokokas, wata ƙwaya dangin fumfuna da ke hawa kai, kuwa akasin haka aka gani a Yuganda da Afirka ta Kudu a 2014, inda kashi 45 na waɗanda aka fara wa da wuri suka rasu cikin wata shida, waɗanda aka jinkirta wa zuwa mako biyar kuma kashi 30, saboda ƙoƙon kai ba shi da sararin da zai ɗauki kumburi.

Ko a shekarun 2000 ba a daina ganin PCP mai tsanani a asibitin San Faransisko ba, kuma masu zuwa da shi galibi waɗanda ba su san suna ɗauke da cutar ba ne, ko waɗanda talauci da rashin matsuguni da shaye-shaye suka raba su da asibiti. Har zuwa Mayu 2006 ba a yi wa mutum gwajin cutar a asibitocin gwamnatin birnin sai ya sa hannu a wata takarda ta daban, ƙa'idar da aka kafa da kyakkyawar niyya domin kare mutane daga tsangwama, amma wadda ta sa likitoci da yawa ke tsallake gwajin. Da aka cire ta yawan gwaji ya ƙaru, yawan waɗanda ake ganowa ma ya ƙaru. A 2010 birnin ya fara ba duk mai cutar shawarar fara magani ba tare da jiran CD4 ya sauka ba, shekara biyar kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan matsayi, a 2013 kuma asibitin ya soma ba mutum magani a ranar da aka gano cutar a jikinsa.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da iyakarsu. Asibiti ɗaya ne a birni mai arziki, yawancin marasa lafiyar maza ne, kuma wanda aka hana gado ko ya ƙi da kansa ba ya cikin lissafi, domin waɗanda suka shiga kawai aka ƙirga. Haka nan ba za a ɗauko su a ɗora wa Afirka yadda suke ba. Wani bincike na 2016 daga wani asibiti a Kampala ya duba masu cutar 101 da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman, ya sami kashi 57 cikin 100 sun rasu a ciki. Ciwon da ke kashewa a nahiyar ma daban ne, domin binciken gawarwaki a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna tarin fuka a jikin kusan kashi 40 na manya masu cutar da suka rasu a asibiti, kuma kusan rabinsu ba a gano shi ba har suka cika. A Lusaka ta Zambiya, a gwajin da aka wallafa a 2017, an bi tsarin ƙarin ruwa mai yawa da sauri irin na ƙasashen Turai ga masu gubar ƙwayoyin cuta a jini, waɗanda kusan tara cikin goma na ɗauke da cutar, sai mutuwa ta kai kashi 48, a wajen waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuma kashi 33, mai yiwuwa saboda ruwan yana cika huhu a wurin da babu isassun na'urorin numfashi da za su tallafa.

Abin da ke damuna da adadi irin na Kampala shi ne kada a karanta shi yadda aka karanta kashi 87 na 1985. Inda gadaje ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma dangi ne ke biyan kuɗin kowace rana daga aljihunsu kamar yadda yake a yawancin asibitocin Najeriya, ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta tana da mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da cutar, tilas ne likita ya zaɓa. Amma matar da ke shan maganinta shekara takwas, ƙwayar cutar ba ta bayyana a jininta, ta zo da jijjigar haihuwa ko haɗarin mota, babu abin da ya haɗa makomarta da ta wanda aka kawo a sume da CD4 ƙasa da 20 da tarin fuka ya watsu a jikinsa, in ban da sakamakon gwaji ɗaya. Shi ma na biyun, abin da ya kamata a auna shi ne gaɓoɓi nawa suka gaza kuma ko ciwon da ya kwantar da shi yana jin magani.

Yawancin irin wannan marar lafiya na biyu sun taɓa wucewa ta hannun wani ma'aikacin lafiya makonni ko watanni kafin jiki ya yi tsanani. Gwajin REALITY, wanda aka yi a Yuganda da Zimbabuwe da Malawi da Kenya kan mutum 1,805 masu CD4 ƙasa da 100, ya ƙara musu wasu magungunan kariya masu araha a lokacin fara maganin cutar, ciki har da na tarin fuka da fulukonazol mai yaƙar ƙwayoyin fumfuna, mutuwa cikin mako 24 ta ragu daga kashi 12.2 zuwa kashi 8.9. Da yawa daga cikinsu da ƙafarsu suka zo, ba su da wata alama mai tayar da hankali, ƙidayar CD4 ce kaɗai ta fallasa halin da suke ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara abin da za a yi wa duk wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa da 200 ko ya zo da ciwo mai nauyi: a nemi tarin fuka har da gwajin fitsari, a duba kiriftokokas a jini tun bai hau kai ba, a ba shi Septrin da maganin kariya daga tarin fuka, a fara masa maganin cutar cikin mako guda idan babu alamar sanƙarau, sannan a bi sawunsa a watannin farko, waɗanda a cikinsu ne aka fi rasa mutane.